Ɗiya Ɗaya a Gida Biyu

A ɗakinmu ni ce mai baki. Tun muna yara, in aka cuce mu a awo ni ke tsayawa in tara wa mai tiya jama'a, yayata kuwa sai ta ja mini zane ta ce mu tafi, Allah na gani. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma wanda bai sani ba ba zai yarda ba. Ni gajera ce mai saurin hawa, ita doguwa, magana sai an roƙe ta. Har na yi aure na tara 'ya'ya ina yi mata kallon wadda kowa zai taka ya wuce. Sai da maganar kuɗin tallafi ta taso na gane ban san ta ba.

An yi mata aure a wani ƙauye na wajen Gidan Amumune, ni kuma aka kawo ni nan kusa da Mayahi. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ciki ya sha shiga yana zubewa, har ta daina gaya wa kowa. Mijinta mutumin kirki ne, ya girme ta sosai, bai taɓa goranta mata ba, daga baya ma idonsa ya yi rauni har gona ta koma hannunta. Ni kuwa goyo bai taɓa sauka daga bayana ba. Da lokacin yaye ɗiyata ta biyu ya yi, Yaya ta zo ta ɗauke ta kamar yadda aka saba, don yarinya ta manta da nono. Bayan 'yan makonni na fara zancen a dawo da ita, sai mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta dube ni ta ce, "Ke, bar mata." Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Ba a kira malam ba, ba a raba goro ba, ba wanda ya ce kyauta ce har abada, ba kuma wanda ya ce aro ne. Na yi kukana a bayan rumbu na share ido. A wurinmu in babba ya ce ki bar wa 'yar'uwarki ɗa, ba kya sake tayar da zancen, kuma uwar da ta haifa ba ta nuna ɗoki a kan ɗan riƙo, abin kunya ne.

Yarinyar ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, shekarar da damina ta ƙi mu. Gero ya fito ya tsaya a gwiwa ya bushe. A nan ne wani furoje, wato shirin agaji, ya zo da tallafi, ana ba mata kuɗi hannu da hannu duk wata, kuma abin da za a ba ki yana ƙaruwa da yawan 'ya'yanki. Samari suka bi ƙauyuka da manyan wayoyin salula suna rubuta mutane, a ba kowace mace karti, wato katin karɓar kuɗi. Wanda ya zo gidanmu ya ce, "'Ya'yanki nawa?" Na ce biyar. Wace uwa ce za a tambaya 'ya'yanta ta rage ɗaya? Maigidana ya fito da takardun haihuwa daga cikin gwangwani, aka ɗauki hotonsu, guda biyar cif. A can ƙauyen su Yaya wani saurayin ya yi mata irin wannan tambayar, ta ce ɗaya, ta faɗi sunan yarinyar da sunan ubanta. Ni gaskiya na faɗa, ita ma gaskiya ta faɗa, kuma ko sau ɗaya bai zo mana a rai mu haɗa zancen ba.

Nawa kuɗin tukunya ta cinye su, ban ma san inda suka bi ba. Yaya kuwa rabon yarinyar daban take ƙulle shi a bakin zane. Da shi ta sa ta lakwal, ta saya mata kaye na rubutu da takalmi, ta kuma sayi jar akuya ta ce ta yarinyar ce. Akuyar ta yi albarka, kafin a jima sun zama garke ƙarami a bayan ɗaki.

An fi shekara ana biya sai ga ɗan aiken maigari, wai ana nemana a biro, wato ofishin furojen, a Mayahi. Ina isa na tarar da Yaya zaune a kan benci, ita ma an kira ta. Muka shiga tare. Ma'aikacin da ke riƙe da al'amarin saurayi ne mai ladabi, kowa Mushe yake ce masa, wato Malam da Faransanci. Ya ba mu kujera, ya gaishe mu har da tambayar mutan gida, sannan ya juyo da injinsa ya ce an sami yarinya ɗaya a gida biyu.

Ya ce da Yaya, "Inna, ba wanda ya ce kun yi sata. Amma ɗiya guda ba a biyanta sau biyu. Takarda ta nuna ƙanwarki ta haihe ta, don haka abin da kika amsa da sunanta ya wuce ƙa'ida, sai a maido shi. Kuma za a hidda sunanta daga kartinki."

Ni dai ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce mu muka aika a kira ku? Ku kuka zo har gida kuka tambaye mu, mun ba ku amsa, yanzu an ci an sha za ku ce a amayo? Na faɗi maganganu da yawa a ranar, wasu ma ba su da kan gado. Yaya ta bari sai da na numfasa, sannan ta yi magana a hankali.

"Mushe, in an hidda sunan, mi za a rubuta wurin?"

Ya ce, "Za a rubuta ba ki da ɗa cikin gidanki."

Ta ce, "In ban yarda ba hwa?"

Ya ce akwai kwamitin koke da ke zama a meri, wato ofishin magajin gari, duk wanda yake ganin ba a yi masa daidai ba yana iya kai kukansa, sai dai abin yana ɗaukar lokaci. Ta ce lokaci tana da shi, a rubuta ba ta yarda ba.

Da na koma gida na ba maigidana labari, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce to ai magana ta ƙare, tunda hukuma da kanta ta ce yarinya tamu ce, ranar da aka cire sunanta can zai je ya ɗauko ta. Ba mugu ba ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Shi ma ɗiyarsa ce, shekaru yana ganinta daga nesa a wurin suna da biki, kuma bai taɓa samun ƙofar da zai ce a ba shi ita ba tare da ya ci mutuncin surukarsa ba. Yanzu surukar ta rasu, ga biro ya buɗe masa ƙofa. Ni ma kuwa ina son ta dawo. Ina son in wayi gari in ga kawuna biyar a tabarma. Na san kuma Yaya ta san haka, don ba yarinya ba ce. Ta san in sunan ya fita daga kartinta, yarinyar ma fita za ta yi daga gidanta.

Daga nan ta ɗauki hanyar Mayahi. Duk ranar kasuwa sai ta hau amalanke da galan ɗin man gyaɗarta da ƙuli-ƙuli, ta sayar, sannan ta wuce biro ta zauna a kan bencin nan. Ba ta ɗaga murya, ba ta roƙo, ba ta kuma fashi. Har masu gadi suka saba da ita suna ajiye mata wuri a inuwa. Aka ce ta kawo takardar riƙo. Ta ce a ƙasarmu ba a rubuta riƙo, in da ana rubutawa da rabin mutanen kasuwar nan suna yawo da takarda a aljihu. Aka ce to ta kawo shaidu. Ta kawo maigarinsu, dattijon da da ƙyar yake hawa amalanke. Wani makon ta zo da diraktan lakwal, wanda ya ce shi bai san wata uwa ba sai wannan, ita ke zuwa duk sa'ad da aka kira iyaye. Ni ina kasuwar ina sayar da yakuwa da kuka, nakan bar kayana wurin maƙwabciya in bi ta, wai don in taya ta magana. Ba ta taɓa buƙatar bakina ba.

Wata rana Mushe ya ce shi ya ga hanya mai sauƙi. A kawo yarinyar gaban kwamiti a tambaye ta wace ce uwarta, abin da ta faɗa shi ke nan. Ni kaina ban san wace amsa nake so in ji ba. Yaya ta girgiza kai.

"A'a, Mushe. Ba a yi ma yaro wagga tambaya. Duk wadda ta nuna cikinmu, da ciwon ɗayar za ta girma. In sai an kawo ta za a ba ni gaskiya, a bar gaskiyar."

Ban taɓa jin ta yi wa namiji musu kai tsaye ba sai ranar. Mushe bai ji haushi ba, ya ce ya fahimta, shi ma wurin gwaggonsa ya tashi. Sai ya gyara zama ya ce akwai abin da ya kamata ta sani kafin ta ci gaba da wahalar da kanta. In kwamiti ya yarda yarinya tata ce, to kuɗin ba su ɓace ba, komawa za su yi kan ƙanwarta, don a lokacin ni ce na karɓi abin da ya wuce ƙa'ida.

Ta ce, "Na sani. Ni za ni biya mata."

Ya ajiye bik ɗin da yake rubutu da shi. Ya ce, "Inna, ki tsaya ki ji. In kin hwaɗi, ke za ki biya. In kin ci, kin ce ke za ki biya. Kuɗɗin nan guda ne, ko dala ba ta ragu ba. To mi ya sa kike ta wahalar hanya?"

Ta ce, "Kuɗɗin guda ne, biyan ne ba guda ba. In na biya yanzu, na biya ne don na amshi kuɗɗi a kan ɗiyar da ba tawa ba. In an gyara, na biya ma ƙanwata bashi. Wancan ba ni iyawa, wanga ko gobe."

Na dube ta a ranar kamar yau na fara ganinta. Matar da muke yi wa dariya don ba ta iya cinikin tattasai ba, ashe ta gama lissafinta tun ranar farko, ta san ba za ta tsira da ko dala ba, kuma ta ci gaba da zuwa. Raina ya cika da ita, ga kuma haushi, don na gane inda zancen ya nufa.

Haka kuwa aka yi. Mushe ya ce in dai ba za a kawo yarinya ba, saura hanya ɗaya: uwar da ta haifa ta tsaya gaban kwamiti ta faɗa da bakinta cewa yarinya ta yayarta ce, ta dangwala hannu. Ya dube ni, ni kuma na dubi bango. Muka fito. Na jira Yaya ta roƙe ni, har na shirya abin da zan ce mata. Ba ta roƙa ba. Ta saya mini fura a bakin tasha, ta yi mini zancen tsadar gyaɗa, ta hau amalankenta ta tafi.

Maigidana ya ce kada in je. Ya ce ba sai na yi faɗa da kowa ba, in zauna gida kawai, magana za ta mutu da kanta. Na yi kwanaki ina jujjuya abin, ina huce haushina a kan yara da kaji. Ana cikin haka aka yi haihuwa a ƙauyen su Yaya, dangin mahaifinmu, dole na je suna. Na sauka gidanta da hantsi. Ita tana wurin girki a gidan suna, sai yarinyar na tarar tare da tsoho, mijin Yaya. Tana yanke masa farce tana yi masa faɗa wai ya cika motsi, shi kuma yana dariya yana ba ta haƙuri. Ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta koma kan aikinta. Na yi mata ɗan bugun ciki, na ce me Yaya ke zuwa yi Mayahi kullum haka? Ta ce, "Man gyaɗa take kaiwa, can ya hi tsada." Watanni ana ja-in-ja a kanta, ko iskar zancen ba a bari ta same ta ba. Na leƙa bayan ɗaki na ga awaki sun ragu. Ta ce Inna ta sayar da biyu, ta ce akwai wata hidima da ke tafe. Wato tun kafin a yanke hukunci Yaya ta fara tara abin biya. Na zauna a gindin bishiyar bedi na rasa abin da ke yi mini daɗi. Yarinyar kamata ce sak, har gajartar, amma zamanta da yadda take sauke murya duk na Yaya ne.

Ranar kwamiti ban nemi shawarar kowa ba, na ce wa maigidana zan tafi, in ya ga dama ya hana ni. Ya dube ni ya kau da kai, bai hana ba. A farfajiyar meri aka zauna, ƙarƙashin rumfa: wani malami, wakilin sarki, mata biyu, da Mushe da takardunsa. Yaya na gefe a kan tabarma. Malamin ne ya yi tambaya.

"Ke kika haihi yarinyar?"

Na ce ni ce.

"Ina take kwana, wa ke ci da ita?"

Na ce wurin yayata, tun yaye.

"To yau, gaban Allah da gaban mutane, ɗiyar wa ce?"

Abin da mahaifiyarmu ta bari a buɗe, abin da na yi shekaru ina lallaɓawa a raina cewa wata rana wataƙila, shi ake so in rufe da bakina. Ba wanda ya gaggauta ni. Na juya wajen Yaya ko za ta dube ni, ko da ido ne ta roƙe ni in ji sanyi. Kanta na ƙasa, tana tsinke zaren tabarma. Ko a nan ba ta so a ce ta matsa mini.

Na ce, "Tata ce."

Aka miƙo tawada na dangwala. Ɗaya daga cikin matan ta ce Allah ya yi mana albarka. Yaya ba ta ce na gode ba, ni ma ban so ta ce ba. Da muka fito ta kama hannuna ta goge mini tawadar da bakin zanenta, ta daɗe tana gogewa bayan ta fita.

Bashin ya dawo kaina kamar yadda aka faɗa, aka riƙa yankewa daga abin da ake ba ni. Duk ranar biya sai Yaya ta ratso ta ƙauyenmu ta cika mini abin da aka yanke. Na farko na ƙi karɓa, na ce ai ni na ci kuɗin, 'ya'yana suka sha kunu da su. Ta ce in na ƙi na mayar da ita maƙaryaciya a gaban Mushe. Na karɓa ina ƙunƙuni. Maigidana ya yi fushinsa na ɗan lokaci, ba ya amsa gaisuwarta sai da ka, ita kuma ba ta fasa durƙusawa ta gaishe shi ba har ya gaji ya sauko. Awakin suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ta bar uwar garken kawai don ta yarinya ce. Sauran kuwa daga turmi ya fito. Duk wadda ta taɓa matsar man gyaɗa ta san abin da yake yi wa kafaɗa da tafin hannu, kuma Yaya ba yarinya ba ce a lokacin. Ban taɓa jin ta ce wash ba.

Ba a daɗe da gama biyan ba furojen ma ya tattara ya tafi, kartin ya zama abin wasan yara. Na ce mata kin ga wahalar banza, duk wannan tafiya a kan kartin da ko gishiri ba zai saya ba yanzu. Ta yi murmushi kawai, ta ce in gaida yara.

Da aka yi babban hutun lakwal, wata safiya ina tankaɗe sai ga sallama. Yaya ce, yarinyar na bayanta da ƙunshin kaya a ka. Ta ce ta kawo ta ta yi hutu wurin 'yan'uwanta, sai an kusa komawa lakwal. Yara suka yi caa a kanta suka ja ta cikin gida. Na shimfiɗa wa Yaya tabarma. Ta sha ruwa, sannan ta ce, "Kin lura tun da na ɗauke ta ban taɓa bari ta kwana gidan ga ba?"

Na ce na lura. Yaya za a yi in kasa lura?

Ta ce, "Tsoro nike ji. Kullum gani nike in ta kwana, ba za ki maido ta ba. Yanzu na ji da kunnena."

Ta tashi ta tafi tun rana ba ta yi zafi ba, wai ta bar tsoho shi kaɗai.

Damina guda na yi da ɗiyar nan a ɗakina. Na yi mata kitso, na koya mata dambun zogale irin nawa, na ji yadda take dariya in ta saki jiki, ashe da ƙarfi take yi kamar ni. Da lokacin komawa ya matso maigidana ya ce a ƙara mata ko mako guda, ai ba a fara karatu sosai a farkon shekara. Na ce a'a. Na wanke mata kaya, na ƙulle mata gyaɗa da 'yar kuka, muka hau amalanke ni da ita. Duk hanya ina ayyana yadda zan tarar da Yaya tsaye a bakin gari tana leƙen hanya. Muka isa ba kowa a bakin gari. A gida tsohon kaɗai muka samu a zaure. Na ce ina Yaya? Ya ce tun safe ta tafi gona tsinkar wake, ta ce in mun iso akwai fura a rufe a ɗaki.